Shawara nake nema: gidan haya mai hawa uku a Montreal, ɗuminsa duk na lantarki

Ɗan Maraɗi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwan da suka riga ni daɗewa a ƙasar sanyi, musamman waɗanda suka taɓa riƙe gidan haya a lardin Kebek na Kanada.

Shekarata tara ke nan a Montreal, ina da takardar zama ta dindindin, kuma tun zuwanmu ni da iyalina haya muke yi. Ɗan abin da na tara ya kai in fara tunanin sayen gida, kuma abin da hankalina ya fi kwanciya da shi shi ne irin gidajen nan na jan bulo masu hawa biyu ko uku da matakalar ƙarfe a waje, waɗanda suka cika unguwannin birnin, in zauna a hawa ɗaya in ba da sauran haya. Dillali ya kai ni wani mai hawa uku a gabashin gari, ginin shekarun 1950. Kowane hawa gida ne mai zaman kansa. Na ƙasa yana da ɗakunan kwana uku, na tsakiya da na sama kuma biyu-biyu, kuma duka ukun da mutane a ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗumama gidan. Babu tukunyar gas, babu ta mai. Kowane ɗaki yana da hitar lantarki, irin doguwar nan da ake kafawa a gindin bango ƙarƙashin taga, da makunnin daidaita ɗumi a jikin bango. Dillalin ya ce 'yan hayar ƙasa da na tsakiya su suke biyan kuɗin wutarsu, amma na saman hayarsa ta haɗa da wuta, wato mai gida ne yake biya masa. Ni kuwa gidan da nake haya yanzu ruwan zafi ne yake zagayawa a bututu yana ɗumama mu, kuɗinsa kuma yana cikin haya, saboda haka ban taɓa riƙe takardar kuɗin wuta ta tsakiyar hunturu irin ta mai hitar lantarki ba. Wani abokin aikina da ya zauna a lardin Ontariyo mai maƙwabtaka da Kebek ya ce mini in guji gidan kamar yadda ake gudun wuta, wai ɗumin lantarki rijiya ce da ba ta cika.

Ranar da muka je duba gidan, a watan Oktoba, na ga gilashin tagar ɗakin kwana na sama yana gumi, ruwa ya taru a ƙasan firam ɗin, kuma da na leƙa bayan kabad ɗin tufafi na ga baƙin tabo a kusurwar bango. Na tambayi dillalin, ya ce ba komai ba ne, fenti zai rufe shi. Hawan ƙasa shi ne nake so mu shiga, domin shi ne zai ishe mu da yara, kuma wata dattijuwa ce a ciki, wadda aka ce ta daɗe ƙwarai a gidan.

Maganar bashin banki da kuɗin ruwa na ajiye ta gefe, domin ina kan tuntuɓar malamai a kanta. Abin da nake so in sani shi ne ko ɗumin lantarki kaɗai ya isa dalilin da zai sa in janye, in kuwa bai isa ba, me ya kamata in bincika kafin in sa hannu a takardar tayi. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bakatsine:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a cikin niyyar.

Abokin aikinka bai yi ƙarya ba, amma labarin Ontariyo ya ba ka, kai kuwa a Kebek za ka saya. A nan kusan duk wutar da ake sha daga madatsun ruwa take fitowa, irin na kogin La Grande a yankin James Bay da na Manicouagan, kuma kamfanin Hydro-Québec mallakar gwamnatin lardi ne tun kafa shi a 1944, sannan a 1963 ya haɗiye yawancin kamfanonin wuta masu zaman kansu. Shi ya sa farashin wutar gida a nan yana cikin mafiya sauƙi a duk Arewacin Amurka, shi ya sa kuma yawancin gidajen lardin da lantarki suke ɗumama. Idan ka ce sai gidan haya marar hitar lantarki za ka saya a Montreal, za ka daɗe kana yawo da dillali. Ɗumama da mai kuwa an riga an rufe masa ƙofa, domin tun ƙarshen 2023 doka ta hana a maye gurbin tsohuwar tukunyar mai da sabuwa a gidajen zama.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Ana sayar wa gidaje wuta a farashi biyu: kilowat-awa 40 na farko a kowace rana, wato abin da muke ce wa yunit a gida, suna da araha, abin da ya haura nan kuma ya fi tsada. Hita ɗaya mai ƙarfin wat 1,500 idan ta yini ta kwana tana aiki ba tsayawa, za ta sha yunit 36. Ka ga ke nan hita ɗaya tak ta kusa cinye rabon arahar na yini, alhali a gida mai ɗaki biyu da falo da kicin za ka tarar da hita biyar ko shida, ban da tukunyar ruwan zafi da murhu. Gaskiya ne makunnin yana kashe su yana kunnawa, ba sa aiki ba dare ba rana, amma a watan Janairu, lokacin da matsakaicin sanyin Montreal yake kusan digiri 10 ƙasa da sifiri, wasu darare kuma ya wuce 20, yawancin abin da gidan zai sha a farashi mai tsadar zai faɗa.

Ita hitar kanta ba ta da laifi. Duk wutar da ta sha zafi take komawa, ba ta da injin da zai lalace, ba ta da bututun hayaƙi da za a riƙa sharewa duk shekara, kuma idan ɗaya ta mutu canza ta ba wani babban kuɗi ba ne. Ga mai gidan haya wannan sauƙi ne babba. Abin da yake cin kuɗi shi ne ginin da ba ya riƙe ɗumi, kamar mai zuba ruwa a kwando. Gidajen shekarun 1950 an gina su lokacin da mai yake da araha, ba a damu da cusa abin tsare ɗumi a cikin bango ba. Kuma ka lura da yadda gida mai hawa uku yake raba sanyi: na tsakiya yana samun ɗumi daga sama da ƙasa, na ƙasa yana shan sanyi ta daɓe, na sama kuwa shi ne yake fuskantar rufi, inda zafi ya fi tserewa. To, wannan na saman shi ne aka ce kai za ka biya wa wuta. Ban ce da gangan aka tsara haka ba, amma ka san inda nauyin ya faɗa.

Kada ka tsaya ga abin da dillali ya faɗa da baki. Hydro-Québec yana da shafi a intanet inda za ka rubuta adireshin gida ya ba ka ƙiyasin kuɗin wutarsa na shekara. Ka duba hawa ukun ɗaya bayan ɗaya, sannan ka nemi mai sayarwa ya ba ka ainihin takardun kuɗin wutar hawan sama na wata goma sha biyu, ba na bazara kaɗai ba.

Sai wayoyin. Gidan da aka gina a wancan zamani da wuya a ce da lantarki aka fara ɗumama shi. Mafi yawa da mai aka fara, daga baya aka juya. Tambayar ita ce wa ya yi aikin, kuma yaushe. Ka sa mai duba gini ya buɗe akwatin rarraba wuta na kowane hawa. Idan ka ga tsofaffin fis na murɗawa da ƙarfin amfiya 60, to akwatin bai dace da gida mai ɗumin lantarki ba, ana bukatar 100 ko fiye, a babban gida har 200. Idan kuma an yi juyin ne tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da ƙarshen 1970, akwai yiwuwar wayar alminiyam aka sa maimakon ta jan ƙarfe, ita kuwa tana saki a mahaɗa ta yi zafi, kuma kamfanonin inshora suna yin tsauri a kanta. Na taɓa cire murfin wani makunni a irin wannan gida na tarar robar wayar ta yi baƙi ta ƙeƙashe har tana marmashewa a hannuna, mutanen gidan kuwa ba su san komai ba, sai dai sun ce wani lokaci suna jin ɗan ƙauri. A Kebek doka ba ta yarda mai gida ya taɓa wayar wuta da kansa ba, sai ƙwararre mai lasisi, saboda haka duk gyaran da za a yi ka sa shi a lissafi da kuɗin ma'aikaci.

Ka kuma tabbatar kowane hawa da mitarsa, ka gano a kan mitar wa aka ɗora fitilar matakala da hitar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yakan faru a tarar an jingina su a kan mitar ɗan haya ba da saninsa ba, ranar da ya gane kuwa kai zai tuhuma, ba tsohon mai gidan ba.

Baƙin tabon da ka gani fumfuna ce, kuma fenti ba ya kashe ta. Hitar gindin bango ba ta juya iskar ɗaki, saboda haka tururin girki da na wanka da na shanyar kaya a ciki yana zuwa ya kwanta a kan wuri mafi sanyi, wato gilashin taga da kusurwar bangon waje, musamman bayan kabad inda iska ba ta shiga. Yana iya zama ɗabi'ar masu zama ce kawai da rashin fankar fitar da tururi a banɗaki da kicin. Yana iya zama kuma rufin ne yake yoyo, tunda hawan sama ne, kuma rufin irin waɗannan gidaje shimfiɗaɗɗe ne, dusar ƙanƙara tana kwanciya a kansa wata da watanni. Na farkon gyaransa ƙarami ne, na biyun kuwa zai iya cinye hayar shekara. Mai duba gini ya hau rufin da ƙafarsa, ya kuma tambayi shekarar da aka sabunta shi.

Hajiya Maman Hafsat:

Ƙanena, Injiniya ya yi maka bayanin ƙarfe da waya, ni kuma bari in yi maka na mutane, domin shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da gida mai hawa biyu a Longueuil, garin da ke tsallaken kogi daga Montreal, kuma abin da ya hana ni barci a cikinsu bai taɓa zama hita ba.

Da farko ka sani cewa a Kebek wanda ya sayi gidan haya ya sayi yarjejeniyoyin hayar da ke cikinsa. Sayar da gida ba ya tayar da ɗan haya, kuma yarjejeniya tana sabunta kanta duk shekara a kan sharuɗɗanta. Saboda haka maganar hawan sama ba za ka iya tashi rana ɗaya ka ce daga yau kowa ya biya wutarsa ba. Wannan canjin sharaɗin haya ne, sai ka aika masa da sanarwa a rubuce tsakanin wata uku zuwa shida kafin yarjejeniyar shekara ta ƙare, yana da wata guda ya ce bai yarda ba, idan ya ƙi kuma kai ne za ka kai maganar kotun haya, wadda a da ake kira Régie du logement, tun 2020 kuma ta koma Tribunal administratif du logement. Ko da an amince maka, ka sa ran za a rage kuɗin hayar daidai da nauyin da ka sauke masa. Kada ka yi lissafinka a kan hayar da kake fata, ka yi shi a kan wadda aka rubuta a takarda.

Na ɗanɗani tsarin biyu duka. A shekarun farko ni nake biya wa hawan sama wuta. Wata ranar Janairu na fito share dusar ƙanƙara daga matakala, na ɗaga kai na ga tagar kicin ɗinsu a buɗe, tururi yana fita kamar daga bakin tukunya. Da na hau na yi sallama, na tarar yaran da singileti, makunnin falo yana kan digiri 26. Ba mugayen mutane ba ne, kawai dai wanda ba ya ganin takardar kuɗi ba ya jin zafinta. Da suka tashi, na ba da hayar a kan ɗan haya ya biya wutarsa, na ce na huta. Ashe wata matsalar ce take jirana. Sabon ɗan hayar ya yi tafiya gida ganin iyayensa na wata guda a tsakiyar hunturu, kuma don ya rage kuɗi sai ya kashe hitocin gaba ɗaya. Bututun ruwan kicin, wanda yake cikin bangon waje, ya daskare ya fashe. Da sanyin ya ɗan sassauta, ina zaune bayan sallar isha'i sai na ji ɗigo a kan firji, kafin in nemo makullin hawan ruwa ya sauko ta ramin fitilar silin. A nan na koyi abu biyu. Na farko, a Kebek haramun ne mai gida ya karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, abin da doka ta yarda ka nema tun farko shi ne hayar watan farko kawai, saboda haka babu wani kuɗi a hannuna da zan cire gyaran daga ciki. Na biyu, takardun inshora da yawa suna da sharaɗi a kan gidan da aka bari babu kowa a lokacin sanyi, kuma sai da aka yi ta kai-kawo kafin a biya ni. Tun daga nan nake rubutawa a cikin ƙa'idojin gida cewa ba a kashe hita a hunturu ko da an yi tafiya, ina kuma zaunar da kowane sabon ɗan haya in nuna masa inda ake rufe ruwa.

Duk da haka, in ka tambaye ni, gara ɗan haya ya biya wutarsa. Amma ka tuna cewa wanda takardar wuta ta yi masa nauyi a Fabrairu shi ne zai makara da haya a Maris, kuma shi ne zai ba ka sanarwar tashi kafin 1 ga Yuli, ranar da rabin garin yake ƙaura. Duk ranar da hawa ya zauna babu kowa, kuɗin wutarsa a kanka yake. Kuma ko wa yake biya, wajibinka ne na'urorin su iya ɗumama ɗakin zama zuwa digiri 21, haka dokar birnin Montreal ta ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin bayaninka, wanda kai ka ambace shi a taƙaice: dattijuwar hawan ƙasa. Mai gida yana da haƙƙin karɓar hawa ɗaya don ya zauna da kansa, amma sai ya ba da sanarwa wata shida kafin ƙarshen yarjejeniya. Idan tata tana ƙarewa 30 ga Yuni, dole sanarwar ta isa gare ta kafin ƙarshen Disamba, kuma sai ka riga ka zama mai gidan kafin ka aika. Idan ta yi shiru wata guda, doka tana ɗaukar shirun a matsayin ƙi, sai ka je kotu. Bayan wannan kuma akwai kariya ta musamman ga tsofaffi: wanda ya kai shekara 65, ya shekara goma a gidan, kuma samunsa kaɗan ne, ba a iya karɓe masa gida, in ban da 'yan yanayi kaɗan kamar idan mai gidan shi ma ya kai waɗannan shekaru. A da shekara 70 ne, a 2024 aka sauko da shi. Idan baiwar Allahn nan ta cika waɗannan sharuɗɗa, to hawan da kake so ba naka ba ne har sai ta tashi don kanta, ku kuma sai ku matsu a ɗaki biyu ko ku ci gaba da haya a wani wuri. Ko da doka ta ba ka dama ma, ka tambayi zuciyarka ko za ka iya fitar da sa'ar mahaifiyarka daga inda ta tsufa.

Wannan yana taɓa kuɗin kafin alƙalami ma. A ce gidan dala 600,000 ne. Idan za ka zauna a ciki, gida mai hawa uku kashi 10 cikin ɗari ake nema a ƙalla, wato 60,000, tare da inshorar bashi. Idan ba za ka zauna ba, kashi 20 ne, wato 120,000. Ban da harajin canjin mallaka da birni zai aiko maka bayan ciniki, wanda mutane suke yi wa laƙabi da harajin maraba, da kuɗin notaire mai rubuta cinikin. Kuma in da wani ɗan'uwa ko aboki za ku haɗa kuɗi ku saya da sunayenku biyu, ka sani cewa masu haɗin mallaka ba su da ikon karɓar hawa daga ɗan haya, sai idan miji da mata ne. Na ga wa da ƙani da suka yi wannan kuskuren, suka sayi gida suka kasa shigarsa.

Dattijon Damagaram:

Ɗana, ni ba ni da gidan haya, amma na ga abin da waɗanda suka zo bayanmu ba su gani ba. A watan Janairun 1998 ina zaune a garin Saint-Jean-sur-Richelieu, kudu maso gabashin Montreal, lokacin da aka yi kwanaki ana ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa abu. Ƙanƙara ta lulluɓe wayoyi har manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wuta suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Miliyoyin mutane suka shiga duhu, mu kuma da muke yankin da ke tsakanin garinmu da Granby da Saint-Hyacinthe muka yi makonni babu wuta. Na kwana a ɗakin wasannin wata makaranta a kan gadon sojoji, da rigar sanyi a jikina. A watan Afrilun 2023 ma an sake yin ƙaramin irinsa, fiye da gidaje miliyan ɗaya suka rasa wuta, ko da yake wannan karon bai daɗe haka ba.

Na kawo wannan ne ba don in tsorata ka da lantarki ba. Maƙwabtanmu masu tukunyar mai su ma sanyi suka sha tare da mu, domin famfo da fankar tukunyar da wuta suke aiki. Waɗanda suka kwana a gidajensu su ne masu murhun itace. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ranar da wuta ta ɗauke, ginin da yake riƙe ɗumi zai ba ka yini ɗaya ko biyu kafin bututu ya fara daskarewa, wanda ba ya riƙewa kuwa sa'o'i kawai zai ba ka, kuma hawa uku ne a wuyanka. Ka koyi yadda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya a tsiyaye bututu.

Akwai kuma wani gargaɗi da ya shafe mu mu 'yan ƙasar zafi fiye da kowa. Mun saba idan sanyin hunturu ya yi tsanani a gida a shigo da kaskon gawayi ɗaki. Ɗakunanmu na can suna numfashi, na nan kuwa a toshe suke ruf, kuma iskar gubar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari. A duka lokutan biyu da na ambata an kwashi mutane zuwa asibiti saboda sun kunna abin gashi ko janareto a cikin gida, wasu ma sun rasa rayukansu. Idan ka ba baƙi sababbin zuwa haya, ka faɗa musu wannan da bakinka, ka kuma hana su jingina katifa ko sakin dogon labule a kan hita.

Injiniya ya ce da mai aka fara ɗumama gidan. To, ka tambayi inda tankin ya tafi. Wasu an cire su, wasu kuwa an bar su binne a tsakar gida. Ka zagaya bangon waje ka duba ko akwai bakin tsohon bututun zuba mai. Idan tanki ya ruɓe a ƙasa ya zubar da abin da ya rage, wanke ƙasar a kan mai gida yake.

Ɗan Maraɗi:

Na gode ƙwarai, Injiniya, Hajiya Yaya, da Baba. Allah ya ƙara girma.

Na bi shawararku na duba ƙiyasin adireshin, kuma kamar yadda Injiniya ya hango, na hawan sama ya fi na tsakiya nesa ba kusa ba, alhali faɗinsu ɗaya. Na koma wurin dillali na nemi takardun wuta na shekara da yarjejeniyoyin haya ukun, ya ce zai tambayi mai gidan. Da na matsa masa a kan dattijuwar sai ya ce bai san shekarunta ba, amma tun kafin mai gidan na yanzu ya saya take ciki. Ya kuma ambata, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa za a sayar da gidan ne ba tare da garantin doka na ɓoyayyen aibi ba, wato haƙƙin mai saye na komawa kan mai sayarwa idan wani aibin da ba a gani ba ya fito daga baya. Wannan ya sa na ƙara jan ƙafa, domin ba na son cinikin biri a sama.

Tambaya ɗaya ta rage mini, Injiniya. Dillalin ya ce idan na sa na'urar nan mai janyo zafi daga waje, wadda ake ce wa thermopompe, matsalar kuɗin wuta ta ƙare. Haka ne?

Injiniya Bakatsine:

Ta ragu dai, Malam, ba ta ƙare ba. Na'urar kamar firji take aiki amma a juye: tana tsamo zafi daga iskar waje ta shigo da shi ɗaki, shi ya sa yunit ɗaya na wuta yake iya ba ka zafin yunit biyu ko uku. Sai dai duk yadda sanyi ya ƙaru, haka ƙoƙarinta yake raguwa. Waɗanda aka ƙera don ƙasashen sanyi suna aiki har wajen digiri 25 ƙasa da sifiri, amma a irin waɗannan darare hitocin bango ne za su cike giɓin, saboda haka ba a cire su. Wadda ake maƙalawa a bangon falo kuma ba ta kai ɗumi ɗakin kwanan da aka rufe ƙofarsa.

A hawan sama take da amfani gare ka, tunda kai ne mai biya, da kuma hawan da za ka zauna. A na tsakiya kuwa kai za ka kashe kuɗin saye, ɗan haya ya ci ribar, ko da yake za ta ba shi sanyi a bazara, abin da yake sa mutum ya daɗe a gida. Akwai tallafin da Hydro-Québec yake bayarwa a kan sayenta, akwai kuma shirin Rénoclimat na gwamnatin lardi, inda ake zuwa a toshe ƙofa da babbar fanka a gwada ta inda iska take shiga. Ni da gidana ne, da wannan gwajin zan fara, in toshe tagogi da ƙofofi, in ƙara abin tsare ɗumi a ƙarƙashin rufi, in canza tsofaffin makunnan murɗawa da na zamani masu riƙe ɗumi daidai, sannan in yi maganar na'ura.

Batun garantin da aka cire kuwa, ma'anarsa duk abin da ka gano bayan an sa hannu naka ne. Idan ka yanke shawarar yin tayi, ka rubuta a ciki cewa ya dogara ga binciken gini da ganin takardun haya da na wuta, ka ɗauko mai dubawa da kanka, ba wanda dillalin mai sayarwa ya nuna maka ba. Ranar da zai je ka sanar da ni, in Allah ya yarda zan zo mu buɗe akwatunan wutar tare.